Yadda gardama da Yayana ta sa na kwashe sati uku ina karanta takardun shari'ar FIFA

Abun ya faro ne ranar da labari ya fito cewa kotun ɗaukaka ƙara a Suwizalan ta sake wanke Sepp Blatter, tsohon shugaban FIFA, da Michel Platini, tsohon shugaban hukumar ƙwallon Turai, daga zargin zamba, a watan Maris na 2025 kenan. Yayana ne ya turo min labarin ta WhatsApp, ya biyo shi da saƙon murya yana ta dariya, wai kaga abun da nake faɗa maka yau shekara goma, duk sharri ne, Amurka ce taji haushi Katar ta kayar da ita a neman ɗaukar nauyin kofin duniya na 2022 shine ta huce akan tsoho. Ni kuma da saurin baki na mayar masa nace haba Yaya, mutumin da aka kama a otel da asuba ana kare shi da zanin gado shine zakace sharri aka masa? Yace wa ya gaya maka an kama Blatter a otel? Nace ai kowa ya sani. Yace to kawo hujja, in ka kawo na yarda na faɗi.

Na shiga intanet da ƙarfin gwiwata, ko minti biyar ba'ayi ba jikina yayi sanyi. Kamen dai anyi shi, ranar 27 ga Mayu 2015, a otel ɗin Baur au Lac dake Zurich, kuma maganar zanin gadon gaskiya ce, ma'aikatan otel ɗin ne suka ɗaga fararen zannuwa suna kare waɗanda ake fita dasu daga kyamarar 'yan jarida. Amma mutum bakwai aka kama kuma babu Blatter a ciki. Akwai Jeffrey Webb shugaban CONCACAF a lokacin, wato hukumar ƙwallon Amurka ta arewa da ta tsakiya da Karibiyan, akwai José Maria Marin na Birazil, da Eugenio Figueredo na Uruguay da sauransu. Blatter kam kwana biyu bayan haka ma zaɓen shugabancin FIFA ya sake ci, ƙuri'a 133 ya samu, Yarima Ali na Jodan 73, yariman ya janye kafin zagaye na biyu. Sai ranar 2 ga Yuni ya fito yace zai sauka. Wato shekara kusan goma ina yawo da labarin da kaina ne ya haɗa min shi.

Kunya ce ta hana ni komawa nace Yaya na faɗi. Nace a raina tunda nawa ya rushe bari na nemo inda nasa zai rushe shima, kuma wannan karon ba zan dogara da kanun labarai ba, asalin takardun zan karanta.

Na fara da takardar tuhumar da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fitar a ranar kamen, tana nan a shafinsu kyauta kowa zai iya saukewa. Shafi sama da 160, tuhuma 47, mutum 14, tara jami'an ƙwallo biyar 'yan kasuwa. Daren farko a waya na buɗe ta, ina jan sikirin ina ƙara girman rubutu, Turancin lauyoyi ne irin wanda jimla ɗaya zata cinye rabin shafi, wallahi ban kai shafi na goma sha biyar ba barci ya kwashe ni, da safe na tashi ban iya tuna komai ba sai sunayen hukumomi. Kwana biyu ina wannan wahalar kafin na gane ba haka ake karanta irin wannan abu ba. Na samo littafin rubutu da biro, na ja layuka, duk inda naga maganar kuɗi sai na tsaya na rubuta abu biyar kawai, wa ya bayar, wa ya karɓa, nawa ne, don me, ta wace hanya kuɗin ya bi. Duk wani sakin layi da babu ɗaya daga cikin waɗannan sai na wuce shi da gudu. Daga nan ne abun ya fara shiga.

Abu na biyu da ya wahalar dani, ba kowa suka ambaci sunansa ba. Akwai waɗanda lamba kawai aka basu, abokin haɗin baki na 1, na 2, na 3, haka har sama da ashirin, sai dai su bayyana muƙaminsa da shekarun da ya riƙe. Sai ka zama kamar mai warware kacici-kacici. Na 1 ɗin baya da wahalar ganewa, babban sakataren CONCACAF daga 1990 zuwa 2011, ɗan Amurka, wannan Chuck Blazer ne. Zan dawo kansa don shine bakin zaren.

To ga abun da ya fara ɗaure min kai. Ina ta juya shafi ina jiran na ga Katar, ina jiran na ga zaɓen 2022, shiru. Kusan duk takardar maganar haƙƙin nuna wasa a talabijin ce da haƙƙin talla, kuma a nahiyar Amurka ta kudu da ta tsakiya da tsibiran Karibiyan. Yadda harkar take, hukumar ƙwallon nahiya ita ke da gasa, misali Copa América ko Gold Cup ko Copa Libertadores, amma ba ita ke zuwa ta sayar wa gidajen talabijin kai tsaye ba, akwai kamfanonin dillalai a tsakiya, su zasu saye haƙƙin gaba ɗaya sannan su yanka su sayar ƙasa ƙasa su ci riba. Inda ɓarnar take shine, maimakon a buɗe ciniki kowa ya taya, sai dillali ya bi ta bayan fage ya toshe bakin shugabannin, su kuma su sa masa hannu a farashin da bai kai darajar gasar ba, su maimaita masa kwangila shekara da shekaru. Asarar akan ƙwallon take faɗawa, don kuɗin da ya kamata ya shiga asusun hukuma ya gina filaye ya horar da yara shine ya zarce aljihun mutane. Masu gabatar da ƙara sunce cin hancin ya haura dala miliyan 150, kuma tun 1991 ake yi, shekara 24.

Akwai waje ɗaya da na daɗe a kai, har na ɗauko kalkuleta. Kamfanoni uku ne da suke rigima da juna akan Copa América, Traffic na Birazil, da Torneos da Full Play na Ajantina, sai suka ga rigimar bata da riba suka haɗe suka kafa kamfani ɗaya mai suna Datisa a 2013. A cewar takardar sun amince zasu bai wa jami'an CONMEBOL, hukumar ƙwallon Amurka ta kudu, dala miliyan 100, miliyan 20 na sa hannu, sannan miliyan 20 akan kowace gasa guda huɗu. Kuma kowace miliyan 20 ɗin akwai yadda ake kasa ta. Manya uku, wato shugaban CONMEBOL da shugabannin hukumomin Birazil da Ajantina, kowa miliyan 3. Wasu shugabanni bakwai kowa miliyan ɗaya da rabi. Sai wani na goma sha ɗaya dala dubu 500. Na buga, tara da goma da rabi da rabi, ashirin cif, ko sisi bai yi saura ba. Na ajiye biro ina kallon lissafin nan, ace cin hanci ma yana da matakin albashi, babba da nasa ƙarami da nasa.

Tambayar da Yaya yake yawan yi ita ce me ya haɗa Amurka da kuɗin da ɗan Ajantina ya bai wa ɗan Paraguay. Amsar tana cikin layi na biyar na littafina, hanyar da kuɗin ya bi. Dala ce ake turawa, kuma takardar ta jero turawa ɗaya bayan ɗaya da kwanan wata da adadi, daga wannan asusu ta ratsa wani banki a New York ko Miami ta sauka a wancan. Da zarar kuɗin haram ya taka bankinsu to dokarsu ta hau kansa. Ga kuma ofishin CONCACAF ɗin kansa a New York yake a da kafin ya koma Miami. Sannan suka ɗauko dokar RICO, wadda akayi a 1970 don gungun 'yan mafiya, suka ɗora musu, ma'ana ba ɗaiɗaikun laifuka suke tuhuma ba, cewa suke an mayar da harkar wata ƙungiyar aikata laifi mai tsari. Loretta Lynch, wadda ta sanar da tuhumar a matsayin babbar lauyar gwamnati, ita ce da can take shugabantar ofishin masu gabatar da ƙara na Brooklyn a New York inda aka dafa shari'ar.

Shi kuwa Blazer allura ce ta tono garma. Mutumin shekaru yayi baya biyan haraji, hukumar haraji ta IRS da FBI suka ritsa shi, ya ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada sai ya yarda ya zama ɗan rahotonsu. Jaridu sun ruwaito cewa har na'urar naɗar murya aka saka masa a jikin maƙalin makulli ya riƙa ajiyewa akan tebur lokacin wasannin Olamfik na Landan a 2012. A watan Nuwamba 2013 ya amsa laifi goma a asirce gaban alƙali, kuma rubutaccen bayanin zaman nan shima an sake shi daga baya, gajere ne, shi na fi jin daɗin karantawa don da bakinsa yake magana. A ciki ya amsa cewa shi da wasu 'yan kwamitin zartarwa sun amince su karɓi cin hanci dangane da bai wa Afirka ta Kudu gasar 2010. Nan ne maganar dala miliyan 10 ta shigo, wadda aka tura a 2008 daga asusun FIFA zuwa asusun da Jack Warner na Trinidad, shugaban CONCACAF a lokacin, ke iko dasu. Afirka ta Kudu tace ba cin hanci bane, tallafi ne don raya ƙwallo tsakanin 'yan asalin Afirka dake Karibiyan. Wannan wajen bai min daɗi ba gaskiya, don gasar 2010 tana cikin abubuwan da nake alfahari dasu, amma na rubuta shi a littafi yadda na ganshi, zargi a gefe, musantawa a gefe. Blazer ya mutu a 2017 kafin a yanke masa hukunci.

Sai na sake yin wani wautan. Cikin ɗoki na tura wa Yaya cewa ai an yanke wa Blatter shekara takwas a Disamba 2015. Yace a wane gidan yari yayi su? Na koma na duba, ashe dakatarwa ce daga harkar ƙwallo, kuma ba kotu ce tayi ba, kwamitin ɗa'a na FIFA ne. A nan ne na gane babban abun da yake rikita mu duka, muna cewa binciken FIFA binciken FIFA kamar abu ɗaya ne, alhali uku ne, kowanne da mai yinsa da abun da yake nema da iyakar ƙarfinsa. Na buɗe sabon shafi na raba shi gida uku, Amurka, Suwizalan, FIFA da kanta, na koma na sake zuba duk abun da na tara kowanne a gidansa. Wannan aikin ya ci min kwana uku amma daga shi ban sake ruɗewa ba.

Maganar Blatter da Platini a gida biyu take, babu ita a gidan Amurka sam. Kuɗi ne faran na Suwizalan miliyan 2 da FIFA ta biya Platini a farkon 2011, wai ladan aikin mashawarci da yayi wa Blatter tsakanin 1998 da 2002. Kwangilar da aka rubuta faran dubu 300 ce a shekara, su kuma sukace akwai yarjejeniyar baka a tsakaninsu ta miliyan ɗaya a shekara, cikon ne aka biya bayan shekara tara. Kwamitin ɗa'a yace wannan ya saɓa ƙa'ida, ya basu takwas takwas, aka rage zuwa shida, kotun wasanni ta CAS ta ƙara rage wa Platini zuwa huɗu ta bar wa Blatter shidansa. Ita kuma kotun laifuka ta Suwizalan dake Bellinzona tambayarta daban, shin an tabbatar da zamba har babu sauran kokwanto? A Yulin 2022 tace ba'a tabbatar ba, ta sallame su, a 2025 aka sake tabbatar da sallamar. Don haka mai cewa an hukunta su yana da gaskiya, mai cewa an wanke su shima yana da gaskiya, kowa ɗaki ɗaya ya leƙa.

Gidan FIFA ne ya fi bani takaici. A 2012 suka ɗauko Michael Garcia, tsohon mai gabatar da ƙara na Amurka, ya binciki yadda aka bai wa Rasha 2018 da Katar 2022 a zaɓen 2 ga Disamba 2010. Zaɓen da tun kafin ayi shi an dakatar da mutum biyu cikin 24 masu ƙuri'a, Amos Adamu na Najeriya da Reynald Temarii na Tahiti, bayan 'yan jaridar Sunday Times sun ɗana musu tarko da ɓoyayyiyar kyamara, shi yasa mutum 22 ne suka kaɗa, Katar ta doke Amurka 14 da 8 a zagayen ƙarshe. Garcia ya miƙa rahotonsa a Satumba 2014, aka ƙi fitarwa, sai alƙalin kwamitin Hans-Joachim Eckert ya fitar da taƙaitawa mai shafi 42 a Nuwamba, wadda kusan cewa take a bar kaza cikin gashinta. Garcia yace taƙaitawar bata cika ba kuma akwai kurakurai a ciki, ya ɗaukaka ƙara a cikin gida aka yi watsi da ita, a Disamba ya ajiye aikin. Cikakken rahoton bai ga rana ba sai Yunin 2017, shima don jaridar Bild ta Jamus ta samu kwafi ta fara bugawa ne, washegari FIFA ta sake shi.

Ban karanta shi duka ba, ba zan yi ƙarya ba, ɗaruruwan shafuka ne, na bi babi babi ina tsayawa inda ya ja ni. Ba rahoton banza bane, akwai abubuwan kunya da yawa a ciki, tafiye-tafiye da kyaututtuka da neman alfarma, har Ingila da Ostareliya basu fita da farin kaya ba. Amma kana karantawa kana jin mutumin hannunsa a ɗaure yake. Bashi da ikon tilasta wa kowa ya zo ya bada shaida in ba wanda har yanzu yake ƙarƙashin FIFA ba, bashi da ikon buɗe asusun banki, abun da aka ga dama aka bashi shi zai duba. Kwamitin neman gasar na Rasha cewa yayi kwamfutocin da sukayi aiki dasu na haya ne, an mayar wa mai su kuma an lalata su. Shikenan, magana ta ƙare. Shi kansa Garcia Rasha ta hana shi shiga ƙasarta, mataimakinsa Cornel Borbély ne ya duba ɓangaren. Ka ɗauki wannan ka ajiye kusa da takardar Brooklyn mai jera ranar tura kuɗi da adadi da sunan banki, zaka ga bambancin wanda yake roƙo a bashi takarda da wanda yake zuwa da sammaci.

Na ɗauka gidan Suwizalan zai fi tsafta, ashe shima da nasa. Sune suka buɗe binciken laifi akan zaɓen 2018 da 2022, har suka kwashi bayanai a hedikwatar FIFA a ranar kamen otel. Amma babban mai gabatar da ƙararsu Michael Lauber sai da ya ajiye aiki a 2020 saboda ganawar da yayi da Gianni Infantino, wanda ya gaji Blatter a shugabancin FIFA, ba tare da an rubuta abun da aka tattauna ba. Daga baya a 2023 aka rufe binciken ganawar ba tare da an gurfanar da kowa ba.

Sati na uku na koma gidan Amurka don naga ina aka kwana. A 3 ga Disamba 2015 an sake kame a wannan otel ɗin dai, aka ƙara mutum 16 a tuhuma. Abun dariya abun tausayi, Alfredo Hawit da aka kama a ranar shine ya gaji kujerar Webb, Webb kuma shine aka kawo a 2012 don ya share dattin da Warner ya bari. A CONMEBOL ma haka, Leoz, Figueredo, Napout, shugabanni uku a jere duk suna cikin tuhuma. Da yawa sun amsa laifi sun mayar da kuɗi, mai kamfanin Traffic José Hawilla shi kaɗai ya yarda zai ajiye dala miliyan 151. Jami'ai uku ne suka tsaya aka yi shari'a dasu a Brooklyn a ƙarshen 2017, Marin ya samu ɗaurin shekara huɗu, Napout tara, Manuel Burga na Peru aka sallame shi. Leoz ya mutu a Paraguay a 2019 ba'a kai shi Amurka ba, Warner ma bai taɓa tsayawa gaban kotun ba, kuma yana musanta komai.

Katar da Rasha fa? Sun shigo, amma a makare. Sai a Afrilun 2020 wata sabuwar takardar tuhuma ta fito ƙarara tace an biya Leoz da Ricardo Teixeira na Birazil don su zaɓi Katar, Warner kuma dala miliyan 5 don ya zaɓi Rasha. Ƙasashen biyu duk sun musanta, gasar kuma duk an buga su a inda aka tsara. Wato abun da Yaya yake cewa shine dalilin shari'ar, shekara biyar ya ɗauka kafin ya samu shiga takarda, kuma bai canza komai ba.

Na ƙarshe da na rubuta a littafin shine wanda har yanzu in na tuna sai nayi tsaki. A Agustan 2021 Amurka ta amince zata mayar da dala miliyan 201 daga kuɗin da ta ƙwato, ka san wa? FIFA da CONCACAF da CONMEBOL, a matsayin waɗanda aka zalunta. A doka daidai ne, don tun farko hujjar masu ƙara ita ce jami'an sun ci amanar hukumominsu. Amma dai.

Na haɗa duk wannan na yi wa Yaya saƙon murya na kusan minti ashirin, na ɗauki hoton shafin nan mai gida uku da lissafin miliyan ashirin na tura masa, nace Yaya dan Allah ka saurara har ƙarshe, zancen haushin Katar baya cikin takardar 2015, harkar talabijin ce, kuma wankewar da kake murna da ita kan faran miliyan biyu ce kawai. Sai da ya kwana biyu bai ce komai ba, ina ganin alamar ya buɗe. Rana ta uku ya kira ni yace ya ji, lissafin nan na miliyan uku uku ya bashi dariya har ya nuna wa abokan aikinsa, kuma sannu da ƙoƙari. Sannan yace to amma tsaya, Blatter ɗin an kama shi a otel ko ba'a kama shi ba? Nace ba'a kama shi ba Yaya. Yace to ai gardamarmu kenan, ka faɗi.